Matsin bakin bindigar farauta: yadda ake gwada sabo kafin a shiga dawa

Da zarar an gama girbin gero da dawa a ƙasar Illela, sanyin hunturu ya fara saukowa, sai harkar farauta ta motsa. Lokacin ne zabin daji ke haɗuwa garke-garke suna kiwo a gonakin da aka girbe, fakara na kuka da asuba a gefen fadama, tsuntsayen ruwa kuma na sauka a tafkin Kalmalo a shekarar da ya samu ruwa. Lokacin ne kuma ake yawan jin gardamar maharba: wannan ya ce bindigarsa watsawa take yi, wancan ya ce tasa tarawa take yi. Abin da ke raba su, galibi, wani ɗan matsi ne a ƙarshen bututun bindiga wanda sau da yawa bai wuce milimita 1 ba.

Turawan Ingila suna kiransa cok, ma'ana shaƙewa. A nan za mu kira shi matsin baki. A wasu bindigogin an ƙera shi ne a jikin bututun, ba ya fita. A na zamani kuwa ɗan gajeren bututu ne da ake murɗawa a cikin bakin bindiga kamar noti, a cire a sauya da wani. Wanda ya samu sabo, ko ya samu bindigar da bai san matsinta ba, yana da aiki guda a gabansa kafin ya nufi dawa, wato ya ga abin da take yi a kan takarda.

Abin da matsin yake yi

Bindigar tsuntsaye ta bambanta da ta soja. Cikin bututunta sumul yake, kuma harsashinta kwanso ne na roba ko takarda mai ɗauke da ƙwayoyin dalma masu yawa, daga 'yan gomiya zuwa ɗaruruwa. Da sun fita daga baki sai su fara bajewa. Matsin ne ke ƙayyade saurin bajewar, kamar yadda mai ban ruwa a lambu ke danne bakin tiyo da babban yatsa don ruwan ya tafi a dunƙule.

Bindigar da ta fi yawa a hannun maharba ita ce mai lamba 12. Lambar tsohon lissafi ne na Ingila: idan aka raba laba ɗaya ta dalma, wato kimanin giram 454, zuwa dunƙule 12 masu girma ɗaya, kowane dunƙule zai cika bututun daidai. Faɗin cikin irin wannan bututu kimanin milimita 18.5 ne. Shi ya sa mai lamba 16 da mai lamba 20 suka fi ta ƙanƙanta, duk da lambobinsu sun fi girma.

Daga wannan faɗi ake auna matsi. Akwai bututun da ba shi da matsi ko kaɗan. Akwai matsin kwata, wanda ke rage kimanin milimita 0.25, da matsin rabi, milimita 0.5, da kwata uku, kusan 0.75, sai cikakken matsi, wanda ke kaiwa wajen milimita 0.9 zuwa 1. Maƙeran Turai sukan nuna wannan da taurari a gindin bututu, ko da tsaga a bakin ɗan matsin da ake murɗawa. Abin lura shi ne lissafin a juye yake: tauraro ɗaya ko tsaga ɗaya na nufin cikakken matsi, uku na nufin rabi, huɗu na nufin kwata. Mutane da dama suna ɗauka yawan taurari ne yawan ƙarfi, alhali akasin haka ne.

Amma ma'aunin gaskiya ba a jikin ƙarfe yake ba. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a harba a nisan yadi 40, wato mita 36 da rabi, a ƙirga ƙwayoyin da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 30, wato santimita 76. Bututu marar matsi yakan zuba kimanin kashi 40 cikin 100 a ciki. Matsin kwata kashi 50. Rabi kashi 60. Cikakke kashi 70 ko fiye. Duk abin da aka rubuta a jikin bindiga, idan ta zuba kashi 60 da harsashin da ke hannunka, to a wurinka matsin rabi ce.

Akwai abin da matsi ba ya yi, kuma nan ne ruɗun ya fi yawa. Ba ya ƙara wa ƙwayar dalma ƙarfin da za a ce ya taka kara ya karya, ba ya kuma kai ta nesa da inda da ma za ta kai. Tara su kawai yake yi, ta yadda a nesa za a samu isassu su sauka a jikin tsuntsu ɗaya.

Dabarar ta bayyana ne a ƙarni na 19, kuma an daɗe ana jayayya kan wanda ya fara ta. William Pape na birnin Newcastle a Ingila ya yi mata rajista a 1866, Amurkawa kuma sukan ambaci wani maharbin agwagi na Jihar Illinois mai suna Fred Kimble. Wanda ya daidaita aikin har ya zama abin dogaro shi ne W. W. Greener na Birmingham, wanda bindigoginsa suka yi fice a gwajin da mujallar The Field ta shirya a 1875. Matsin da ake murɗawa a cire kuwa sai daga ƙarshen shekarun 1960 ya fara yaɗuwa, bayan da kamfanin Winchester ya shigo da nasa kasuwa.

Matsin talotalo, da dalilin da bai dace da zabo ba

Mafi tsananin matsi da ake sayarwa a yau an yi shi ne domin talotalon daji na Arewacin Amurka. Bakinsa yakan sauko zuwa milimita 17 ko ƙasa da haka kaɗan, wato ragin milimita 1.5 ko fiye. Hotunan da ake yaɗawa a intanet, inda ake ganin takarda ta yi kaca-kaca a wuri guda, galibi na irinsa ne, kuma sukan burge matasan maharba.

Sai dai a san irin farautar da aka yi shi dominta. Namijin talotalon daji yakan kai kilo 5 zuwa 11, gashinsa mai kauri ne, harbin jiki raunata shi kawai yake yi ya tsere. Don haka maharbin can yakan zauna ya jingina da itace, ya kwaikwayi kukan mace, har namijin ya matso ya miƙe wuya. Kai da wuya ake nufa, tsuntsun kuma a tsaye yake. Abin da suke nema shi ne ƙwaya 100 a cikin da'ira mai faɗin inci 10, wato santimita 25, a nisan yadi 40. Saiti ake yi a tsanake kamar na bindiga mai harsashi ɗaya.

A nan ƙasar talotalo kiwonsa ake yi a gida, ba a farautarsa. Ɗan'uwansa na dawa a wurinmu shi ne zabo. Wani abin sha'awa ma, sunan da Turawan Ingila ke kiran talotalo da shi, wanda sunan ƙasar Turkiyya ne, da farko zabon Afirka suka laƙaba wa, saboda ta hannun fataken can yake isa gare su. Amma ɗabi'ar tsuntsayen biyu ta sha bamban. Zabon daji bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Gudu yake fara yi a ƙasa, in an matsa masa ya tashi da ƙarfi, garken ya watse. Fakara, wadda wasu ke kira makwarwa, takan lafe a ciyawa sai an kusa taka ta ta zabura. Yawancin irin wannan harbi tsakanin mita 15 ne da 30, kuma tsuntsun yana motsi.

A nisan mita 18, bututu marar matsi yakan baje ƙwayoyinsa a faɗin kusan santimita 80, cikakken matsi kuma wajen santimita 40. Matsin talotalo ya fi haka tsukewa. A mita 10 bai cika wuce tafin hannu ba. Sakamakon ɗayan biyu ne: ko a kuskure tsuntsun baki ɗaya, ko a same shi a daddage naman har ya zama ba na ci ba. Ga zabo da fakara da zomo, matsin kwata ko rabi ya fi dacewa, kuma hikimar bindiga mai baki biyu ke nan: baki ɗaya a sake domin harbin farko na kusa, ɗayan a tsuke domin na biyu, lokacin da tsuntsu ya yi nisa. Cikakken matsi yana da wurinsa a bakin tafki, inda dinya da kirinjijiya ba sa bari a matso su.

Bindigogi masu baki ɗaya da suka daɗe a hannun maharban Afirka ta Yamma, irin Baikal ta Rasha da Simplex ta kamfanin Manufrance na Faransa, matsinsu a jiki yake, kuma da yawansu a tsuke suke. Mai irin wannan ba shi da abin sauyawa sai harsashi da kuma nisan da yake harbi.

Shin sabon matsi yana buƙatar horo?

Akwai masu cewa sabon matsi sai an zuba masa harsashi kwali guda kafin ya zauna, kamar yadda ake horar da shanun huɗa ko ake lallaɓa sabon injin babur. Babu wani sashe mai motsi a jikinsa da zai goge ya daidaita, kuma dalma ta fi ƙarfe taushi nesa ba kusa ba. Abin da ke sauyawa a harbin farko-farko shi ne man da aka shafe bututun da shi daga masana'anta, da zaman ɗan matsin a mazauninsa, da kuma sabon maharbin da shi. Asarar harsashi ce a yi ta harbi sama da sunan horo. Harsashi 10 zuwa 15 da aka harba a kan takarda sun fi kwali biyu da aka harba a iska.

Farkon aiki shi ne tabbatar da cewa ɗan matsin na wannan bindigar ne. Kowane kamfani da irin zaren murɗinsa, kuma na wani yakan shiga wata bindigar ya yi kamar ya zauna alhali bai zauna ba. Bayan an tabbatar babu harsashi a ciki, sai a murɗa shi, a ɗaga bututun a leƙa ta gindi ana fuskantar haske. Idan aka ga gefen ɗan matsin ya turo cikin hanyar da ƙwayoyi za su bi, ko da kaurin farce ne, kada a harba. Irin wannan ne ke kumbura baki ko ya tsage shi. Haka kuma ba a harba bindiga mai zare a baki ba tare da ɗan matsi a ciki ba, domin zaren zai lalace.

Sai wanki. A goge man masana'anta daga bututu da ɗan matsin da tsumma mai tsabta har ya fito ba baƙi. A shafa giris kaɗan a kan zaren kawai, a ɗaure da makullinsa daidai ƙarfin hannu, ba da filaya ba. A ƙasa irin ta Illela wannan giris ba ado ba ne. Ƙurar hunturu da laimar damina in suka haɗu a zaren da ya bushe, ɗan matsin yakan kafe har ya gagari cirewa. Bayan kowane harbi uku ko huɗu na farko, a buɗe bindiga, a cire harsashi, sannan a taɓa a ji ko ya sassauta.

Harbi biyu ko uku na farko ba a lissafa su, domin bututu mai sauran mai yakan jefa ƙwayoyi dabam da yadda zai yi daga baya. Bayansu ne gwaji na farko, kuma ba na yawan ƙwayoyi ba ne, na inda suke sauka ne. A kafa babban kwali a nisan mita 20, a yi baƙin ɗigo a tsakiya, a ɗora bindigar a kan buhun yashi, a harba sau uku a wuri ɗaya. Idan tsakiyar tarin ramukan ta karkata hagu ko dama ko ƙasa, to ko dai ɗan matsin a karkace aka ƙera shi, ko gindin bindigar bai dace da kafaɗa da kumatun mai ita ba. Bindigogi da dama sukan ɗan harba sama da inda aka nufa, kuma da gangan aka yi su haka domin tsuntsu mai tashi. Gwargwadon tsukewar matsi, gwargwadon illar wannan karkata: kuskuren santimita 15 ba komai ba ne ga bututu marar matsi, amma ga matsin talotalo kuskure ne cikakke.

Gwaji na biyu shi ne na mita 36 da rabi, kuma da tef za a auna, ba da taku ba, domin ido da ƙafa sukan yi wa maharbi ƙarya a fili. Takardar ta kai mita 1.2 a kowane gefe. Kwalin firji ko takardun buhun siminti da aka haɗa sun wadatar. A harba sau ɗaya tak. Bayan harbin ne ake zana da'irar, ba kafinsa ba: a nemi inda ramuka suka fi taruwa, a kafa ƙusa a tsakiyarsu, a ɗaura zare mai tsawon santimita 38 da biro a ƙarshensa, a zagaya. A ƙirga ramukan ciki ana yi wa kowanne alama. Misali, harsashi mai giram 32 na ƙwaya lamba 6 a lissafin Amurka yana ɗauke da ƙwaya kimanin 250. In an samu 175 a cikin da'ira, kashi 70 ke nan, cikakken matsi. In 125 ne, kashi 50, matsin kwata.

Takarda ɗaya ba ta isa hujja ba. Harsashi biyu daga kwali ɗaya ba sa zuba iri ɗaya, don haka a yi aƙalla biyar, kowanne da sabuwar takarda, a ɗauki matsakaici. Kuma yawan ramuka ba shi ne komai ba. A yanka kwali daidai girman jikin zabo in an fige shi, a riƙa ɗora shi a wurare dabam-dabam cikin da'irar. Duk inda ya zauna bai rufe rami uku zuwa biyar ba, gurbi ne da tsuntsu zai bi ya wuce, ko ya tafi da rauni ya mutu a inda ba wanda zai amfana da shi. Zubi mai kashi 60 da ya baje daidai ya fi mai kashi 75 da ya cunkushe a tsakiya ya bar gefe fayau. A ƙarshe a maimaita gwajin a nisan da aka saba harbi a zahiri, mita 20 ko 25. Nisan da takarda ta fara nuna gurabe shi ne iyakar bindigar, ko da mai ita yana ganin zai iya fiye da haka.

Da sassafe ake wannan aiki, kafin iskar hunturu ta taso. A toshe kunne, domin ƙarar bindigar farauta ta haura desibel 140, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Bayan takardar a samu tudun ƙasa ko bangon ramin da aka haƙi ƙasar gini. Wani janar na Faransa mai suna Journée ya bar wata ƙa'ida mai sauƙi: a ninka kaurin ƙwaya a milimita sau 80, a samu mitocin da za ta iya kaiwa. Ƙwaya lamba 6 ta haura mita 200 ke nan, BB kuma ta haura 300. Makiyayi ko mai ɗiban itace da ke bayan tudu bai san ana gwaji ba.

Lambar harsashi a garin iyaka

Illela na kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, kuma tsakaninta da Birnin Ƙonni na Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar tafiyar 'yan mintoci ce. Maharban ɓangarorin biyu harshe ɗaya suke yi, amma lambobin da suka gada daga Turawansu ba ɗaya ba ne. Lamba 6 a lissafin Ingila milimita 2.6 ce, a na Faransa 2.75, a na Amurka kusan 2.8. BB ta Ingila milimita 4.1 ce, ta Amurka kuma kusan 4.6. Bambancin ƙarami ne a ido, amma yana sauya yawan ƙwayoyin da ke cikin kwanso da gomiyoyi. Gwajin da aka yi da wani harsashi bai shafi wani ba. In an sauya kamfani ko lamba, sai a koma ga takarda.

Harsasan da aka fi sani a Najeriya su ne masu manyan ƙwayoyi irin BB da AAA, kuma da yawa suna harbin komai da su. Giram 32 na BB ƙwaya 55 ne zuwa 80 kawai. Ko da cikakken matsi, abin da zai shiga da'irar bai isa ya rufe ta ba, fakara za ta ratsa tsakaninsu lafiya lau. Ƙari a kan haka, manyan ƙwayoyi in an tura su ta matsi mai tsanani sukan matse juna su lanƙwashe, su fita a warwatse, har a ga matsin rabi ya fi cikakke tarawa. Lamba 4 zuwa 6 ce ta dace da zabo.

Akwai kuma tsawon kwanso, wanda kuskurensa ya fi na lamba haɗari. Ɗakin harsashi a bindiga yakan zama milimita 65 ko 70 ko 76, kuma an rubuta a gindin bututu. Tsawon da aka rubuta a kwanso na bayan ya buɗe ne, shi ya sa harsashi mai 76 yakan shiga ɗaki mai 70 ya rufu lafiya, amma in an harba ba shi da wurin buɗewa, matsin wuta ya hau fiye da kima. Haka nan harsashin lamba 20 in ya shiga bindiga mai lamba 12 yakan zurma ya maƙale a gaba. In aka ɗora wani a bayansa aka harba, bututun fashewa yake yi a daidai hannun hagu.

Harba-ka-ruga

Mafi yawan maharban karkara ba su da ko ɗaya daga cikin bindigogin da aka ambata. Tasu ita ce ƙirar gida da ake ɗurawa ta baki, wadda ake kira harba-ka-ruga ko bindigar toka. Daɗewarta na da tarihi: yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ke tsakanin digiri 20 arewa da 22 kudu, ta bar musu masu ƙyastu da albarushin fatauci. Kalmomin kansu sun girmi zuwan Turawa, domin bindiga da albarushi da harsashi duk daga Larabci aka aro su, kuma asalin kalmar harsashi sunan dalma ne.

Irin wannan bindiga ba ta da matsi, don haka a ɗauke ta ta kusa ce. Gwajin takarda yana yi mata amfani kamar kowace, kuma abin da yakan nuna shi ne ƙara albarushi ba ya ƙara tarawa, watsawa yake ƙarawa. Abubuwa biyu ne suka fi raba mutane da yatsunsu. Na farko shi ne bubbuga bakin bututu da guduma don a tsuke shi. Matsin da bai daidaita ba karkatar da harbi yake yi, kuma ƙarfen bututun ruwa ko na sitiyarin mota ba a gwada shi da irin wannan wuta ba. Na biyu shi ne farke harsashin zamani a juye garinsa a bindigar ɗuri. Wannan gari ya fi baƙin albarushi ƙarfi ninki-ba-ninki, kuma bututun ƙirar gida ba ya ɗaukarsa.

Doka, da halin da ake ciki

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu, kuma nan ne bindigar farauta mai baki ɗaya da mai baki biyu suke. Sai na ɗuri ta baki, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar farauta mai sarrafa kanta, ko mai na'urar ɗura harsashi, ba ta cikin rukuni na biyu. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 lasisi ba, haka mai taɓin hankali ko raunin gani, ko wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Yanke bututu ya gaza inci 20 laifi ne, kuma ta fuskar farauta ma wauta ce, domin matsin ne ake yankewa a jefar. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa rundunar ta dakatar da ba da sabon lasisi, a 2024 kuma aka sa hannu a dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai.

Lasisin Najeriya ba ya aiki a Ƙonni, na Nijar ma ba ya aiki a Illela. Nijar na da tata dokar farauta ta ranar 29 ga Afrilu, 1998, kuma ƙetara iyaka da bindiga ko harsashi ba tare da izini ba fasa-ƙwaurin makamai ne a idon hukumomin ƙasashen biyu, ko da zabo aka biyo. Iyakar kanta an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris na 2024.

A gabashi da arewacin Jihar Sakkwato, inda 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka shekara da shekaru, ƙarar harbi 15 a jere da asuba ba abin wasa ba ce. Tana iya tayar da gari, tana iya jawo martanin jami'an tsaro ko 'yan sa-kai kafin a tsaya tambaya. Wanda zai yi gwaji ya sanar da mai unguwa ko hakimi, da Sarkin Baka, da Baturen 'yan sanda na yankin, ya faɗi wuri da lokaci, ya riƙe lasisinsa a aljihu. Kisan mafarauta 16 'yan Arewa a garin Uromi na Jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025, bayan an ga bindigoginsu na gargajiya a motar da suke ciki, ya nuna yadda zargi ke rigan bincike a wannan zamani.

Dabbobin ma suna da doka. Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963 da ta kare halittu masu fuskantar ƙarewa ta 1985 sun taƙaita abin da ake harbi. Gauraka da tuje sun yi ƙaranci ƙwarai a wannan yanki, damina kuma lokacin ƙwai ne da ƙyanƙyasar zabi, wanda maharban gargajiya da ma ba sa farauta a cikinsa.

Saura batun dalma. Jama'ar wannan shiyya sun san illarta tun 2010, lokacin da gubarta daga aikin haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. Ƙwayar da ta ratsa nama takan bar ɓurɓushi a hanyarta, don haka a cire ƙwayoyin, a yanke naman da ke kewaye da raunin, musamman in yara ko masu juna biyu za su ci. Tsuntsayen ruwa kuma sukan haɗiyi waɗanda suka zuba a tafki suna zaton tsakuwa ce. Dalilin da ya sa Amurka ta hana harbin agwagi da dalma tun 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana a fadamunta daga Fabrairun 2023. Madadinta ƙwayar ƙarfe ce, amma ita ba ta lotsawa kamar dalma. Ta fi tarawa da kanta, kuma ba a tura ta ta matsin da ya wuce rabi sai in an rubuta a jikin ɗan matsin cewa yana ɗaukarta. Tsohuwar bindiga mai cikakken matsi a jiki, irin waɗanda suka fi yawa a hannun maharbanmu, ƙwayar ƙarfe na iya kumbura mata baki tun a harbin farko.